Takalmin Injiniya

Ranar da aka raba kayan aiki, Injiniya da kansa ya je ya karɓo: falmaran mai ruwan lemo, hular kwano, takunkumi, safar hannu, da takalmin roba mai dogon wuya. Ya shigo da su a cikin leda, ya zube a tsakar gida kamar wanda ya ɗauko mushe, ya koma gefe yana karkaɗe hannu.

"Umma, zo ki ga aikin da gwamnatin taku ta ba ni. Yasar kwata!"

Sunan Injiniya ba na zolaya ba ne, karatun ya yi, ga takardar can a bangon falo cikin gilashi. Sai dai tun da ya gama, shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya kira shi ko gyaran famfo. Da gwamnati ta ware kuɗi ta ce za ta ɗauki matasan da suka daɗe suna zaman kashe wando, su gyara tituna su yashe magudanan ruwa, Umma ta tashi tsaye, ta bi wannan ta bi wancan har sunan ɗanta ya fito. An kuma ce duk wanda ya kai ƙarshen shirin bai yi fashi ba, za a duba shi a ba shi aikin dindindin a ma'aikatar ayyuka. Wannan ƙarshen maganar shi Umma ta riƙe gam. Ita da ɗan nata sun ɗauka kujera za a ba shi, ko aƙalla a ba shi biro ya riƙa tsayawa a kan mutane.

Umma ta dubi kayan, ta dubi ɗanta, sannan ta juya ta dubi ɗan ɗakin nan na bakin ƙofar gida, wanda da can sito ne.

"Auta!"

Ƙaninta ya fito yana saɓa riga. Duk unguwar Kawu ake ce masa, Umma kaɗai ke kiransa Auta, ga shi kuwa furfura ta cinye masa gemu. Tun da aka rufe masaƙar da yake aiki ya zo gidan yayarsa da jaka ɗaya, wai kafin abubuwa su daidaita. Ba su daidaita ba. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne share ƙofar gida, shi ne aike, kuma kwanonsa ne na ƙarshe da ake zubawa. Shi ma ya je wurin rajistar nan a ɓoye, ya sha rana a layi, da ya kai gaban teburi aka ce shekarunsa sun wuce.

"Ka ga halin da ake ciki," in ji Umma. "Yaron nan da iliminsa, ga maganar aurensa ta taso, surukansa kuma a bakin titin kasuwa suke. Su leƙo su gan shi cikin kwata? Haba. Shi zai riƙa zuwa da safe ya dangwala yatsa a na'urarsu, kai kuma ka ɗan riƙe masa shebur ɗin. Za mu ga helmansu, shugaban leburorin. Kai ma ka samu ka motsa jini, zaman nan ba kyau yake maka ba."

"Yaya, in aka gane fa?"

"Wa zai gane? Ga hula ga takunkumi, idonka kaɗai za a gani." Ta kafe shi da ido. "Ko so kake ka ce ɗan wannan ma ba za ka iya yi wa gidan nan ba?"

Kawu ya san abin da ake nufi in an ce gidan nan. Ana nufin katifar da yake kwana, da kwanon da yake miƙawa. Ya zauna a bakin baranda, ya jawo takalmin ya tura ƙafa. Yatsunsa suka tokare tun diddigensa bai sauka ba. Ya ciji leɓe ya danna, ta shiga da ƙyar.

"Yaya, ya yi mini kaɗan."

"Roba ce, za ta saki."

"Kada dai a tsaga shi, Kawu," in ji Injiniya daga ƙofar falo. "Kayan gwamnati ne. In masu duba aiki suka zo ni zan sa, kuma a ƙarshe mayarwa za a yi."

Haka aka fara. Kullum da safe su fita tare, Injiniya a gaba yana latsa waya, Kawu a baya yana taku kamar mai tafiya a kan ƙaya. A bayan garejin da ke kusa da ma'aikatar Kawu yake tsayawa. Injiniya ya ɗora falmaran a kan rigarsa mai guga, ya shiga layi, ya dangwala, ya zagayo ya tuɓe ya miƙa masa, ya wuce majalisar abokansa.

Abin da zai ba mutum haushi shi ne, Kawu ya ji daɗin aikin. Wallahi ya ji daɗinsa. Mutumin da ya yi shekaru gari na waye masa ba inda ake jiransa, yau ga shi da wurin zuwa, ga shebur, ga baro, ga gumi na gaskiya yana bin bayansa. In ya yashe kwata ya ga baƙin ruwan da ya daɗe a tsaye ya soma gudu, sai ya tsaya yana kallo, ransa fes. Yana dawowa gida da yunwa irin ta mai aiki, har ya daina jin kunyar miƙa kwano. Albashin kuwa asusun Injiniya yake shiga, Kawu bai taɓa ganin ko launinsa ba, kuma bai tambaya ba.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ranar farko da aka sauke takunkumi za a sha ruwa, ya ga furfura a fuskoki da dama. Wani tsoho mai giɓi, wanda yake riƙe wa ɗansa da ya karanta shari'a, ya miƙo masa hannu.

"Ni ne Lauya. Kai fa?"

"Injiniya."

"Masha Allah! Ga Akanta can yana tura baro, ga Malamin Kimiyya a cikin lambatu. Kwatar nan ta fi jami'a tara masu ilimi."

Aka kwashe da dariya, har da helma, shugaban leburorin, wani gajere mai usur a wuya. Shi dai abu ɗaya yake maimaitawa kullum: kada wanda ya sauke takunkumi a bakin titi, kuma in wani abu ya faru, shi bai san kowa ba.

Robar ba ta saki ba. Babban yatsan ƙafar dama ne ya fara yin bororo, ya fashe, ya sake yi. Kawu ya naɗe shi da tsumma, tsumman ya ƙara cika takalmin. In ruwan kwata ya yi zurfi sai ya kwararo ta saman wuyan, ya taru a ciki, ƙafar ta yini tana jiƙe a cikinsa. Da yamma sai ya zauna a bakin ɗakinsa ya yi ta kokawa kafin ya zare, ya zubar da ruwan, ya wanke ƙafar da ruwan gishiri. Lauya ya ce masa ya tsaga gaban takalmin da reza kowa ya huta. Kawu ya ce ba nasa ba ne.

Da ciwon ya ƙi ƙamewa ya soma wari, ya je wurin mai kemis na bakin layi. Mai kemis ya kwance tsumman, ya yamutsa fuska, ya wanke da aidin, ya ba shi ƙwayoyi.

"Kawu, ƙafar nan hutu take so. Ka bar sa mata rufaffen takalmi, ka bar shiga ruwa. Wai ina kake zuwa ne kwanan nan?"

"Nan da can ne kawai," in ji Kawu.

Ya sami Umma tana tsince shinkafa a tire, ya tsuguna daga gefe.

"Yaya, mai kemis ya ce in huta wa ƙafar nan. Ko na 'yan kwanaki ne."

"Mai kemis!" Ba ta ɗago ba. "Shi in bai tsorata ka ba ina zai sayar da maganinsa? Cin takalmi ne fa, Auta. Wa takalmi bai taɓa ci ba? Ni nan da nake tallan gwanjo ƙafata har jini take yi, ban fasa ba, da shi na yi wa yaron nan karatu. Ka san in aka yi fashi ɗaya shi ke nan, duk wahalar nan ta tashi a banza. Ka daure, saura ƙiris."

Ba ƙarya ta yi ba, ta sha wahala a kan ɗanta. Abin da ya sa maganarta take da wuyar turewa ke nan. Kawu ya tashi ya koma ɗaki.

Hutu ɗaya ya samu, ranar da manya suka zo duba aiki. Helma ya sami labari tun ana gobe, ya aika kowa ya turo mai sunan. Da safe Injiniya ya zo ƙofar ɗakin Kawu ya ɗauki takalmin, yana kai shi kusa da fuska ya kawar da kai.

"Kai! Kawu, me ya mutu a ciki?"

Ya leƙa, ya ga tsumman da ya manne a ciki, ya ga jini da mugunya. Ya gani da idonsa, ba labari aka ba shi ba. Ya tsaya jim, sannan ya shiga kicin ya samo ledoji ya ɗaure ƙafafunsa, ya zura takalmin ya fita. Shi kam cif ya yi masa.

Da la'asar ya dawo bakinsa har kunne. Babban jami'in ya tsaya a daidai kwatar da Kawu ya yashe, ya ce duk garin bai ga mai tsafta irinta ba, ya tambayi wa ke da nan. Helma ya nuna Injiniya. Aka ɗauke shi hoto riƙe da shebur, jami'in ya dafa kafaɗarsa ya ce irin matasan da ƙasa ke nema ke nan. Umma ta yi ta shafa hoton a fuskar waya tana godiya ga Allah. Ranar har da tsokar nama a kwanon Kawu, washegari kuma aka ajiye masa takalmin a bakin ƙofa.

Daga nan ƙafar ta soma hawa. Kumburin ya bar yatsa ya kama tafin, ya kai idon sawu. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma, daga baya ya daina tafiya. Yatsan ya yi baƙi, ya daina ciwo, Kawu har ya yi murna ya ɗauka sauƙi ne. Sa takalmi da safe ya zama aiki mai zaman kansa: sai ya shafa sabulu a ƙafar, ya riƙe ƙyauren ɗaki, ya danna yana ambaton Allah, gumi na karyo masa tun rana ba ta yi zafi ba.

Da ya koma wurin mai kemis, mutumin bai ma taɓa ƙafar ba.

"Wannan ta wuce ni. Asibiti za ka, yau ba gobe ba."

Shirin yana da nasa asibitin, kyauta ga ma'aikatansa, Kawu yana ganin allon kullum a jikin katangar ma'aikatar. Washegari a bayan gareji, Injiniya na tuɓe falmaran, ya yi ƙarfin hali.

"Ɗana, da za ka raka ni asibitin nan naku, ka dangwala mini, su duba ni."

"Kawu, can ba kamar layin safe ba ne. Mai yatsan shi likita zai duba. In suka gane, ba kora kaɗai ba ce, kama ni za su yi. Ka so a kama ni?"

"To ka riƙe aikinka na 'yan kwanaki, in samu in je na gari."

Injiniya ya sosa ƙeya, ya dubi wayarsa.

"Wallahi da wani makon ne da na yi. Amma kai ma ka sani, makon nan a titin kasuwa ake aiki, daidai ƙofar gidan su yarinyar nan. Ka ɗan ƙara haƙuri. Ni fa in na samu aikin nan, kai ne mutum na farko da zan tuna. Asibitin kuɗi zan kai ka, ba irin wannan ba."

Kawu ya nufi helma. Helma ya ja shi bayan motar kwashe shara, ya rage murya.

"Dattijo, ni me kake so in yi? In na rubuta ka ji ciwo a bakin aiki, za a ce wane ne kai. In na ce ba ka zo ba, yaronku ya faɗi. In asiri ya tonu, ni za a fara kora, ga iyali. Ka koma gida ku daidaita, maganar gida ce."

A gida kuma Umma ta ce maganar aiki ce, ita ba ta da ta cewa. Ta dafa masa ruwan zafi, ta kawo masa wani man shafawa da maƙwabciya ta ce yana janye kumburi. Da ta ga ƙafar sai da ta runtse ido, ta ce, "Subhanallahi." Kawu ya ɗauka yau kam za ta ce ya zauna. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Auta, ka ga dai saura ƙiris. Ka rufa mini asiri. Ana gamawa, ni da kaina zan kai ka."

Kowa yana da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta sai ka ji kamar gaskiya ce. Kawu ne kaɗai ba shi da ita. Ina zai je in ya ƙi? Ya yi tunanin ya zauna a ɗaki ya ce ba inda za shi, ya ga fuskar yayarsa, ya ga jakarsa a bakin titi. Tsoro ya kama shi, tsoron ƙafar da tsoron gidan, ya rasa wanda ya fi.

A titin kasuwa abin ya faru, rana ta take. Kawu yana cikin kwata ruwa ya kai masa gwiwa, ya ɗago shebur cike da laka, sai ya ga shagunan suna juyawa. Ya ji muryar Lauya daga nesa tana cewa, "Injiniya! Injiniya!" Daga nan ya kife.

Suka ciccibo shi suka kwantar a bakin titi. Mutane suka fara taruwa. Helma ya iso da gudu, usur na dukan ƙirjinsa, ya dubi taron, ya dubi Kawu.

"Ku kai shi bayan mota. Ku tuɓe masa rigar. Maza!"

"Mutum na mutuwa kana ta riga?" in ji Lauya.

"Kai ma so kake ɗanka ya rasa nasa? Ku cire hular. Da takalmin!"

Lauya ya durƙusa. Shi ya riƙe kan Kawu a cinyarsa, hawaye na shiga masa cikin takunkumi. Takalmin hagu ya fita da sauƙi. Na dama ya ƙi. Wani ya ce a kawo wuƙa a tsaga, helma ya ce kayan gwamnati ne, za a tambaye shi. Mutum biyu suka riƙe cinyar, ɗaya ya kama diddigen takalmin ya ja da ƙarfi. Ƙarar da Kawu ya yi sai da masu shaguna suka fito. Takalmin ya fita da tsumma da fata, warin ya sa na kusa suka ja da baya. Aka cusa kayan a cikin leda, aka tare tasi, helma ya ce wa direban wani bawan Allah ne ya faɗi a hanya.

A asibitin gari Umma ta same shi, mayafinta a karkace, Injiniya na biye da ita. Likitar, wata mace mai tabarau, ta buɗe ƙafar ta daɗe tana dubawa, sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba ciwon jiya ba ne. Ya daɗe yana shiga ruwa mai datti. Baba, wane aiki kake yi?"

Kawu ya buɗe baki. Leɓunansa sun bushe, harshensa ya yi nauyi. Yana so ya ce, ni ne na yashe kwatar titin kasuwa, ki je ki gani, ruwa na gudu. Ya dubi yayarsa. Idonta na kansa, cike da hawaye da roƙo.

"Ba ya aikin komai, likita," in ji Umma. "A gida yake zaune, mu muke riƙe da shi. Yawo ne da shi, kuma ba ya jin magana. Na yi na yi ya zo asibiti ya ƙi."

"Haka ne, Baba?"

Kawu ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Likitar ta girgiza kai. Ta ce da an kawo shi da wuri, da yatsa kaɗai za a cire, wataƙila ma ba sai an cire komai ba. Yanzu kuwa in ana son ransa, sai a yanke daga ƙasan gwiwa. Umma ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, kuka na gaske, har ma'aikatan jinya suna ba ta haƙuri suna cewa samun 'yar'uwa irinta sai an tona. Injiniya ya fita waje amsa waya.

Aka yanke.

Sauran kwanakin shirin ba su zama matsala ba. Umma ta je ta ga helma da ɗan abin hannu, ya ce Injiniya ya riƙa zuwa yana dangwalawa kawai, shi zai kawar da kai. Ashe da ma ana iya haka. Kawu yana kwance a gadon asibiti ya ji Umma na ba maƙwabciyarta labari, tana yaba kirkin helma. Ya juya fuska bango.

Ya dawo gida da sanduna biyu a hammata, aka mayar da shi ɗan ɗakinsa. Yanzu ba ɗebo ruwa, ba shara, ba aike. Kwanon dai ana kawowa, sai dai wanda ya kawo ba ya tsayawa. Masu zuwa dubiya su zauna a falo, su yi wa Umma sannu da ɗawainiya, su leƙo su ce masa Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma gode wa Allah da ya ba shi yaya mai zumunci. Lauya ne kaɗai ya shigo ɗakin ya zauna a ƙasa. Ya yi ƙoƙarin zolaya, ya ce kwata ta yi kewar Injiniyanta, amma dariyar ta ƙi fitowa. Da zai tafi Kawu ya lura shi ma yana ɗingishi.

Injiniya ya samu aikin. Hoton nan nasa da shebur aka sa a babban allo a ƙofar ma'aikatar. Aka ba shi teburi a sashen da ke ɗaukar ma'aikatan shirin, aka sa ranar aurensa, gida ya cika da masu murna. Maganar asibitin kuɗi ba ta sake tasowa ba, don kamar yadda Umma ta ce, ga hidimar aure ta taso, kuma abin da ya riga ya faru ya faru, ƙaddara ce.

Wata ranar hutu da hantsi, Kawu na zaune a bakin ɗakinsa ya miƙe dungun ƙafar yana shan iska, rediyon Umma na magana a baranda. Aka ce saboda nasarar da shirin ya samu, gwamnati ta ƙara ware kuɗi za a yi zagaye na biyu. A wannan karon an cire iyakar shekaru, musamman don tsofaffin ma'aikatan masana'antun da aka rufe. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance lafiyayye mai iya aikin ƙarfi.

Umma ta miƙa hannu ta rage muryar rediyon. Injiniya ya fito daga falo cikin farar riga, yana ɗaura agogo.

"Ka ji ko, Kawu? Kai, abin ba daɗi. Ni ne fa zan yi rajistar. Wallahi ba don ƙafar nan ba, da sunanka zan fara sawa."

"Allah bai nufa ba," in ji Umma.

"Af, na manta." Ya koma ciki ya fito da leda. "Ashe ba sai an mayar da kayan ba, an ce kowa ya riƙe nasa. Umma, ina za a ajiye wannan?"

"Kai ɗakin Auta, can ne sito."

Ya raɓa ta gefen Kawu ya ajiye takalmin daga ciki, kusa da katifa. An wanke shi tas, yana ƙyalli, ba tsaga ba ƙwarzane ko ɗaya. Injiniya ya karkaɗe hannu, ya ce sai ya dawo, ya fita.

Kawu ya daɗe yana kallon takalmin. Tun a asibiti akwai abin da yake damunsa wanda bai faɗa wa kowa ba, don ya san za a ce ya fara taɓuwa. Ƙafar da aka yanke ba ta daina ciwo ba. Yana jin yatsunta a tanƙware, yana jin roba ta matse su, yana jin ruwa na motsi a tsakaninsu. Yanzu ma abin ya taso masa, ya fi na kullum. Ya sunkuya a hankali, ya kai hannu biyu ƙasan gwiwarsa don ya zare takalmin ya huta, hannuwansa suka haɗu da juna.